Daga Maraɗi zuwa Yankari da motarku: yadda miji da mata za su zaga Najeriya da kuɗi kaɗan

Tun da muka dawo daga tafiyar kwana tara ni da maiɗakina, tambaya ɗaya ce ke bi na, a wajen ɗaurin aure ne ko a majalisa bayan isha'i: wace takarda kuka riƙe, ina kuka kwana, nawa kuka kashe? Ita ma mata sun hana ta sakat da waya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda muka bi su. Hanyar da zan yi misali da ita ce Maraɗi, Katsina, Kano, Bauchi, gandun namun daji na Yankari, sannan a juyo gida. Wanda zai tsaya Kano ko Zariya ma zai iya amfani da mafi yawansu.

Abin da na gano shi ne mai da masauki ba su ne ke cinye kuɗin irin wannan tafiya ba. Waɗannan ana iya lissafa su tun daga gida. Masu ramar da aljihu su ne takardar da aka manta, fitar da aka makara, da tsarabar da ba a yi mata iyaka ba.

1. Ku zauna ku biyu da biro da takarda

Kafin a je gareji ko a nemi ɗan canji, a zauna bayan yara sun yi barci a yanke abu uku: kwana nawa, nawa za a kashe, wa zai riƙe kuɗin. Na uku ya fi na farko da na biyu muhimmanci. Mu dai Hajiya ce ta riƙe jakar da ɗan littafin lissafi, ni na riƙe sitiyari. Ba don na fi ta ɓarna ba (ko da yake ita haka take cewa), sai don direba a shingen jami'ai bai kamata ya zama shi ne mai ciro damin kuɗi ana kallo ba.

Ga yadda muka raba jaka 300 na sefa (jaka ɗaya 1,000 F ce) da muka ware, ban da kuɗin takardu da na gyaran mota: jaka 65 na mai, 75 na masauki, 40 na abinci, 25 na shiga wurare da adaidaita sahu, 45 na tsaraba, 50 kuma ajiya, ba a taɓa su sai mota ta lalace ko jiki ya ƙi. Wannan rabonmu ne, naku zai bi aljihunku da kuma yadda naira ta kwana a makon tafiyarku.

Gargaɗi: kada ku shelanta tafiyar. Da zarar dangi sun ji za ku Kano da mota, sautu zai fara zubowa. Wannan atamfa, wancan injin markaɗe, wata kuma ta ce a tafi da ɗanta a ajiye shi Bichi. A faɗa wa iyaye da wanda zai kula da gida da yara, ya isa.

2. Lokacin tafiya

Daga ƙarshen Disamba zuwa Maris ya fi. Hanya a bushe take, ba a kwana cikin gumi ko da wuta ta ɗauke a masauki, kuma a Yankari ciyawa ta faɗi, namun daji na taruwa kusa da kogin Gaji inda za a iya ganin su. Hazo ne kawai matsalar wannan lokaci: in ya sauko da safe, a kunna fitila a rage gudu. Damina ba ta dace da ƙaramar mota ba. Makon Sallah kuma ɗakuna na tsada a Kano da Katsina saboda masu zuwa kallon hawa.

3. Takardun jikinku

Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da barin 'yan Nijar su shiga ba biza, su kuma karɓi fasfo da katin shaida masu tambarinta, har sai ta fitar da wata sanarwa. Saboda haka kowannenku ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi, da kart dantite. Wanda zai tsaya cin kasuwar Jibiya yana iya wucewa da kati kaɗai, amma mai zuwa Bauchi ya riƙe fasfo a buga masa hatimin shiga. Hatimin nan shi ne hujjarka a kilomita 500 daga iyaka, inda jami'in bai taɓa ganin katin Nijar ba.

Sai katin allurar shawara, wato karne mai ruwan ɗorawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon katinka yana nan da ƙarfinsa muddin ana iya karanta shi. Wanda bai taɓa yi ba, ya yi aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sai bayan haka katin ke fara aiki.

Na uku ita ce takardar da mutane suka fi mantawa: takardar aure ta ma'aikatar magajin gari. A gida kowa ya san matarka, a Kano ko Bauchi ba wanda ya san ku. Akwai masaukan da ba su ba namiji da mace ɗaki ɗaya sai da shaida, kuma Hisba na aiki a jihohin nan. In ba ku taɓa yin rajistar auren ba, a fara nema tun da sauran wata guda.

A yi wa kowace takarda kwafi biyu, a kuma ɗauki hotonta a wayoyinku duka biyu. Na asali su zauna a jakar uwargida, kwafi a aljihun mota.

4. Takardun mota

Kart giris, farmi, asiransi, bizit teknik da binyet, duka masu rai. Farmin ƙasa da ƙasa ba zai cutar ba, domin namu da Faransanci aka rubuta shi, kuma ba kowane jami'in Najeriya ke da haƙurin sauraron fassara ba. A wajen mai asiransi ka faɗa masa a fili cewa Najeriya za ka, ka nemi kart burin, wato asiransin ƙetare iyaka na ƙasashen CEDEAO, ka kuma sa ya nuna maka a rubuce cewa takardar na aiki a can. In bai nuna maka ba, ka sayi inshorar Najeriya ta kare wanda aka yi wa ɓarna da zarar ka shiga. Tun Janairun 2023 an tsayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida. A saye ta a ofishin kamfani, kada a saya hannun wani mai jaka a bakin tasha, na bogi sun yi yawa.

Gargaɗi: in sunan da ke kan kart giris ba naka ba ne, ko da na mahaifinka ne ko na wanka, sai da takardar izini mai hatimin hukuma. Mu nan Maraɗi mun saba sayen mota mu yi shekara biyar ba mu sauya suna ba. A iyaka wannan sakaci yana iya mayar da ku gida tun kafin azahar.

In gilasan motar baƙaƙe ne, a ɓare ledar kafin a tashi. 'Yan sandan Najeriya na neman izini na musamman a kan baƙin gilashi, kuma ba ka da shi.

5. Gareji, mako guda kafin tafiya

Kada a kai mota gareji ana gobe tafiya. Duk makaniken da ya kwance wani abu yana iya mantawa da ƙusa ɗaya, gara ta nuna kanta a hanyar Tibiri da ta nuna tsakanin Birnin Kudu da Ningi. A yi bidanj, a sauya matatar mai da ta iska, a duba birki, lagireto, bel, batir, fitilu da abin share gilashi. Taya kuwa a duba shekarar da aka yi ta: akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa tana fashewa da zafin kwalta ko da zanenta bai suɗe ba, kuma jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya, waɗanda ake kira 'yan rod sefti, suna karanta lambar nan.

Su ne kuma za su tambaye ka tukunyar kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku, safaya mai iska, da jak. Ka saye su a Maraɗi. A kan hanya kowanne da ka rasa yana da tara, ga ɓata lokaci. Ƙara da tocila, igiyar jan mota, wayar jona batir, litar man inji ɗaya da jarkar ruwa.

6. Abin da ke shiga but

Tabarma, buta biyu, kula, filas ɗin ruwan zafi, ƙaramin risho ko tukunyar gas, gidan sauro, zannuwan gado naku, da kwaɗon kulle ƙofa. Abinci mai jure hanya: kilishi, dambun nama, garin rogo da ƙuli, dabino, soyayyar miya a roba mai murfi, shayi, sukari, madara. Karin safe da abincin dare daga but suka fito mana kusan kullum, rana kaɗai muke saye. Wannan kaɗai ya rage kuɗin abinci sosai, kuma ya tsare mana ciki.

Soket ɗin Najeriya mai baki uku ne irin na Ingila, namu mai baki biyu ne irin na Faransa. A sayi mahaɗi ɗaya, da caja ta mota. Magani kuma a tsaya kan na zazzaɓin cizon sauro, na ciwon kai, na gudawa, da wanda likita ya rubuta wa ɗayanku, tare da takardarsa.

Gargaɗi: kada ku karɓi ƙunshin kowa a rufe, ko na wa ne. Jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi na bincike a hanyoyin iyaka, kuma abin da aka samu a motarka naka ne. Haka buhun shinkafar waje: Najeriya ta hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa, kwastan na ƙwacewa. Tiya ɗaya ta girki ba laifi, buhu kuwa neman magana ne.

7. Mai

Lissafin ba wuya. Maraɗi zuwa Katsina kusan kilomita 90, Katsina zuwa Kano kusan 170, Kano zuwa Bauchi kusan 300, Bauchi zuwa cikin Yankari kusan 110. Zuwa da dawowa da 'yan zagaye-zagaye, ka sa 1,500. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 120. A farashin 499 F da gwamnati ta sa wa litar esansi a Yulin 2024, jaka 60 ke nan. Ka auna taka motar da kanka: cika tanki, yi tafiyar mako, sake cikawa, raba litar da ta sha da kilomitan da ka yi.

Da can ɗan Maraɗi kan shiga Najeriya da tanki a bushe domin can mai kamar kyauta yake. Tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023 wannan zamani ya wuce. Ka cika tanki a gidan mai a Maraɗi, zai kai ka Kano har da saura. A can kuma ka riƙa sha a manyan gidajen mai na cikin gari, ka fito ka ga mita ta koma sifili kafin a fara zubawa. Abin da muke kira ruwa-ruwa su 'yan bumburutu suke cewa, kuma nasu ma ana gauraya shi. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi a hanyar Bauchi, kuma a cika shi kafin a nufi Yankari.

Gargaɗi: ban da jarkar mai a but wajen ƙetare iyaka, zuwa ko dawowa. Za a ɗauke ka ɗan fasa-ƙwauri.

8. Canji da waya

A canza kaɗan a Maraɗi, abin da zai kai ku Kano: kuɗin hanya, abinci, masaukin dare ɗaya. Sauran a bar shi sefa, a canza a Wapa da ke Fagge a Kano, inda 'yan canji suka taru kuma ake iya tambayar mutum uku kafin a sallama. Takardar naira mafi girma ita ce ta 1,000, don haka jaka 50 kaɗai za ta zama dami. A ƙirga a gaban mai canjin, a zaune, ba a tsaye bakin titi ba. Kuma a riƙa canzawa kashi-kashi, sefa ta fi sauƙin ɓoyewa. A raba kuɗin wuri uku: jakar uwargida, aljihun maigida, da wani lungu a mota da ku biyu kaɗai kuka sani.

A kula da baki wajen ciniki. Dalarmu 5 F ce, a Kano in ka ce dala kuɗin Amurka ake nufi. Jakarmu 1,000 F ce, a wajen tsofaffin 'yan kasuwarsu jaka naira 200 ce. Hajiya ta taɓa taya wani mayafi "dala ɗari biyar", mai shagon ya miƙe tsaye yana neman kujerar da zai ba ta. Haka in ciwo ya kama, tambayi asibiti da kemis. In ka ce ina likita, mutum za a nuna maka.

Layin waya a Najeriya sai an yi masa rajista, 'yan ƙasar kuma da lambar shaidarsu ta NIN suke yi, saboda haka baƙo ba ya sayen layi a bakin titi ya sa ya yi aiki. Ko dai ka je ofishin kamfanin layinka a Maraɗi a buɗe maka yadda zai yi aiki a waje, ka tambayi kuɗin kira da na intanet, ko ka ari layi wajen amintaccen ɗan'uwa a Katsina ko Kano. Tun a gida a sauke taswirar jihohin Katsina, Kano, Jigawa da Bauchi a Google Maps yadda za ta buɗe ba intanet. A ajiye lamba biyu: 112 ta gaggawa, 122 ta 'yan rod sefti.

9. Ranar ƙetarewa

Wannan ce ranar da ta fi kowace buƙatar natsuwa. Daren jajibiri ka je tasha ka tambayi direbobin Katsina yadda hanya ta kwana. Yankin Madarunfa da na Jibiya sun sha fama da 'yan bindiga, kuma labarin direban da ya bi hanyar jiya ya fi duk abin da za ka ji a rediyo. In sun ce a dakata, a dakata. Akwai wata hanya ta Tasawa, Takeita, Matamaye, Ɗan Barto, a shiga ta Kwangwalam a faɗa Daura, daga nan Kazaure sai Kano. Ta fi nisa da sama da kilomita 150, amma ga rijiyar Kusugu a Daura a matsayin lada.

In ta Ɗan Isa za ku bi, ku tashi bayan rana ta fito, ku isa iyaka da hantsi. A ɓangarenmu: 'yan sanda su buga hatimin fita, duwan su rubuta fitar mota. A Magama, ɓangaren Najeriya: jami'an shige da fice su buga hatimin shiga, ma'aikatan lafiya su duba karne, sannan kwastan su ba mota lesefase, takardar izinin shiga na ɗan lokaci. Kafin ka bar tagar, karanta abu uku: lambar mota, lambar shasi, da ranar ƙarewa. Ka nemi kwanakin da suka zarce na tafiyarka, mota na iya kwana biyu a gareji ba da shirinka ba. Duk kuɗin da ka biya ka nemi rasit. In kana da niyyar fita ta wata iyaka daban, ka faɗa musu tun a nan.

Gargaɗi: za a yi ta zuwa maka da "Alhaji kawo in taimaka maka". Kada takardarka ta asali ta shiga hannun wanda ba ya cikin ofis. Ku shiga tare da matarka, kowa ya miƙa fasfonsa da kansa.

Tsakanin Jibiya da Katsina shingaye sun yi yawa ƙwarai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tana iya cin biyu. Rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, kashe rediyo, yi sallama. A nan muna cewa shef, can yallaɓai ko ofisa. Miƙa kwafi tukuna, na asali sai an nema. Kada ka yi gardama, kada kuma ka yi saurin sa hannu a aljihu: mai cikakkun takardu da ɗamara a ƙirji, shi da matarsa, haƙurin minti biyar yakan fitar da shi. Uwargida kuma kada ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto a shinge.

10. Dokar tuƙi guda ɗaya

Ba tuƙin dare. La'asar ta same ku a garin da za ku kwana. Mun karya wannan doka sau ɗaya, ranar da muka tsaya gaisuwa a Kano har azahar sannan muka kama hanyar Bauchi. Magariba ta riske mu a daji, manyan motoci na dallare mana ido, na faɗa wani rami da ya lanƙwasa mana ƙarfen taya. Kuɗin gyaran da na ɗakin da muka kama a gigice ba tare da ciniki ba sun ci rabin ajiyarmu. Hajiya ba ta ce komai ba sai da safe, tana zuba shayi: "Maigida, gaisuwar jiya jaka ashirin da biyar ta ci." Ta rubuta a littafi.

Hannun tuƙi ɗaya ne da namu, dama, agogo ma ɗaya. Iyakar gudun motar gida 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A tsaya duk bayan awa biyu. Namiji na iya tsayawa ko'ina, mace ba haka ba, don haka a zaɓi gidan mai mai masallaci da bayan gida tun kafin ta nema. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru, sai dai in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cur a gari ɗaya, sai a cika salla.

11. Masauki

Kada a biya sai an ga ɗaki. Ku shiga tare, ita ta duba bayan gida da zanin gado, kai ka duba sakata da inda mota za ta kwana. Tambayoyi huɗu: akwai ruwa a famfo, ƙarfe nawa ake tada janareta kuma ƙarfe nawa ake kashewa, akwai mai gadi, ƙarfe nawa ake sallamar ɗaki. Da sanyi ɗaki mai fanka ya wadatar, ba sai mai na'urar sanyaya ɗaki ba. In kwana biyu ko uku za ku yi, nemi ragi tun farko. Ƙananan masaukai na unguwannin ma'aikata sun fi na bakin tasha natsuwa, sau da yawa kuɗinsu ma bai fi ba.

Sauka gidan dangi fa? Dare ɗaya yana da daɗi, ya kuma sada zumunci. Amma a lissafa da gaskiya: tsarabar da za a kai, alherin yara, kuɗin cefane da kunya za ta sa a ajiye, sannan a raba ku, kai ɗakin samari ita cikin gida, kullum kuma fita sai da rakiyar mutum uku. Wanda ya fito don ya sha iska da matarsa ya san wannan ba ita ce tafiyar da ya shirya ba. Mu mun kama ɗaki, muka je gaisuwa da rana.

12. Yadda muka raba kwanakin

Ranar farko Katsina: hasumiyar Gobarau da ƙofar fadar sarki, a kwana. Ta biyu a bi ta Kankiya da Bichi a shiga Kano da rana. A Kano a ajiye mota a masauki a hau adaidaita sahu. Cunkoson cikin birni da neman wurin ajiye mota ba na baƙo mai lambar Nijar ba ne. A yi ciniki kafin a hau. Kwana biyu sun isa a ga Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, a hau dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, a ci gurasa. Kada a sayi komai tukuna, a tambayi farashi kawai.

Rana ta huɗu a tashi da sassafe ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, a isa Bauchi da rana, a ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ci masa da dare. Ta biyar a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya dama zuwa ƙofar Mainamaji. Nan ake biyan kuɗin shiga, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Kwana ɗaya a ciki ya isa, domin ɗaki da abinci sun fi na Bauchi tsada. Zaga daji da motar gandun ake yi da ɗan rakiya, kuma in kun haɗu da wasu baƙi kuka raba kuɗin motar ya fi sauƙi. Fitar sassafe ko ta yamma ta fi. Ganin giwa sa'a ce, kada a yi wa uwargida alkawari. Ruwan Wikki kuwa yana nan kullum, garau, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana. Mai son shiga ba cikin jama'a ba ta je da sassafe a ranar aiki, da doguwar riga mai kauri.

Gargaɗi: birai na sansanin ɓarayi ne na gaske. Suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda a hannu. A rufe gilasan mota, a kulle ɗaki ko da alwala za a fita, kada a ci abinci a waje.

13. Tsaraba da komawa gida

Sayayya sai a dawowa, rana ɗaya, a Kano. A rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun a masauki, kowa da abin da zai samu. A shiga Kantin Kwari da kuɗin tsaraba kaɗai, sauran a bar su a ɓoye. Wanda ya shiga kasuwar nan da dukan kuɗinsa a jiki, da matarsa a gefe, ya san yadda ake fitowa. Ni ma ban tsira ba, shadda ta ja ni. A karɓi rasit, kuma kada a sayi turmi goma iri ɗaya: a Ɗan Isa duwan zai ɗauke shi kayan sayarwa ya nemi haƙƙinsa.

Daren ƙarshe a sake tambayar direbobi labarin hanya, wannan karon a tashar da motocin Katsina ke lodi. A bar Kano da sassafe domin a ƙetare kafin la'asar. A Magama a mayar wa kwastan lesefase a tabbatar sun rubuta cewa mota ta fita, in ba haka ba a littafinsu tana nan cikin Najeriya, kuma ranar da ka sake zuwa za ka yi bayani. A buga hatimin fita a fasfo biyun, a buga na shiga a namu ɓangaren. Nairar da ta rage a canza ta a nan bakin iyaka, a bar 'yan canjin da za a saya wa yara rake a hanya. Washegari a mayar da mota wajen makaniken da ya duba ta, ya sake leƙa ƙafafu da birki, ya busa matatar iska, domin ƙurar Yankari ba ta fita da kanta.